Akwatin Kuka Ba Ya Buɗuwa Don Mai Rai

Shafi na 19

Masu turo min saƙo kuna zagin Odil, na gani, na kuma karanta tas. Wata har cewa ta yi ita ko za a yanka ta ba za ta iya ba. To 'yar'uwa, Allah kada Ya gwada ki. Duk wanda bai taɓa tsayawa gaban tagar biyan kuɗin asibiti da aljihu wayam ba, don Allah ya rage mana wa'azi.

Ku kuma da kuka shigo yanzu, ga inda muke. Mota ta buge Wabo mijin Odil a kan acaɓarsa, ƙashin ƙafa ya ragargaje. Likita ya ce a ajiye sefa dubu ɗari uku kafin gobe da safe a sa masa ƙarfe, in an wuce haka sai dai a yanke ƙafar. Odil ta durƙusa gaban matan adashinsu na kasuwar Bafusam ta roƙi a buɗe mata akwatin kuka, asusun da suke zubawa saboda ɓacin rana. Suka ce doka ta ce sai an yi mutuwa. Shi ne jiya ta ɗaga waya ta gaya wa uwar adashi cewa mahaifiyarta ta rasu a ƙauyensu Bazu. Tsohuwa kuwa tana can garau, tana noman gwazarta.

Baƙin zanen makokin da Odil ta ɗauro shi Wabo ya fara gani daga gadon asibiti kafin ya ga fuskarta.

Ya yunƙura zai tashi, ƙafar ta tuna masa da kanta, ya koma yana cije leɓe.

"Maman Josiyan, wa ya mutu?"

"Sha kununka."

"Na ce wa ya mutu?"

Ta waiga. Mai gadon dama yana barci, matar mai gadon hagu kuwa ta kafa kunne kamar an aiko ta. Odil ta ja kujera ta matso daf da shi, warin ƙafar ya daki hancinta. Jiya bai kai haka ba.

"Ba wanda ya mutu," ta ce a hankali. "Mama ce."

"Mama ce me?"

"Na ce musu ta rasu. Yau za su buɗe akwatin."

Wabo ya kalle ta. Sai ya ture kofin kunun har ya fantsalo a zanen gado.

"Yesu! Kin kashe uwarki da baki?"

"Rage murya."

"Uwar da ta haife ki, Odil? Kina da hankali kuwa? Ba a kiran mutuwa da sunan mai rai, kin sani! Ko ƙaramin yaro ya san wannan!"

"To kawo dubu ɗari ukun in je in tashe ta."

"Ki je ki ce kuskure ne. Ki ce wata ce mai irin sunanta."

"Na ji. Kawo kuɗin."

"Akwai wata hanya…"

"Faɗe ta, ina jinka. Kwasata ta adashi mun cinye tun bara, ita ce ta sayi babur ɗin da ke yashe a caji ofis kamar gwangwanin da aka taka. Kuma har yau ina zubi. Mai gida yana bin mu haya. Mai kanti ya daina amsa gaisuwata. Tukunyar da nake dafa koki, alalar da nake sayarwa, tana jingine a wurin mai ba da rance. Wace hanya ta rage, Baban Josiyan? In sayar da Josiyan?"

Ya kawar da kai.

Ai kuwa kawar da kan nan ne ya tunzura ta. Abin da ta haɗiye tun ranar hatsarin ya taso mata har wuya.

"Kalle ni. Ina asusun katakonmu?"

"Kada ki fara."

"Na fara! Asusun da na sa kafinta ya buge da ƙusa don kada hannu ya shiga. Kullum na dawo kasuwa sai na jefa wani abu, ko da kuwa a daren za mu ci gwaza ba mai. Na ce na ranar kuka ne. Wa ya fasa shi?"

"Bikin makokin babana ne! Ni ne magajinsa, so kike dangi su tofa min yawu?"

"Babanka ya yi shekara da shekaru a ƙasa bai ce yana jin yunwa ba. Aka yanka aladu, aka sha giya kamar ruwan rafi, aka ɗauko makaɗa tun daga Duwala. Ina dangin yanzu? Wa ya leƙo ka? Ƙanin babanka ya zo da lemo ƙwaya biyu, ya shanye ɗaya kafin ya tafi!"

"Ba a wasa da haƙƙin matattu, Maman Josiyan. Da ban yi ba, da yanzu wata masifa ta…"

"Ta me? Da mota ta buge ka?"

Matar mai gadon hagu ta ƙyalƙyale da dariya, ta yi maza ta mayar da ita tari.

Wabo ya juya fuska. Idonsa ya ciko. Sai kuma jikin Odil ya yi sanyi, don ba ta zo don ta sa shi kuka ba. Ta goge kunun da bakin zanenta, ta gyara masa matashi da ƙarfi fiye da yadda ya kamata.

"Ni ma ban yi barci ba," ta ce. "Amma da in tura ka a keken guragu gara a kira ni maƙaryaciya. In aka yi aikin zan je in durƙusa, in biya su a hankali. Ba wanda ya san Bazu a cikinsu. Zan karɓa in ce musu an riga an binne ta."

"Ramin ƙarya ƙurarre ne."

"Ya kai ni gobe da safe kawai, ya ishe ni."

Tun daga bakin layinsu ta jiyo kukan.

Ta tsaya cak. An fitar da kujerunta waje, an shimfiɗa ganyen ayaba da tabarmi a tsakar gida, matan adashi sun zauna dirshan a ƙasa sun miƙe ƙafafu. Suna hango ta suka ɗauki guɗar makoki gaba ɗaya. Biyu suka taso suka riƙe ta ta hammata, wai kada ta faɗi.

Ba ta yi niyyar kuka ba. Amma da suka fara kiran sunan uwarta cikin waƙa, hawaye ya ɓalle mata na gaske, har da shessheƙa. Ita kanta ba ta san wa take yi wa ba.

Abin haushi bai ƙare ba. Ga Baba Cinda mai gidan haya, mutumin da ya yi rantsuwa zai cire mata ƙofa ranar Asabar, ya cire hula ya rungume a ƙirji.

"'Yata, sannu. Maganar haya ki manta da ita tukuna, sai kin share makoki."

Ga mai kanti ma, ya turo rabin buhun shinkafa da galan ɗin manja, wai gudummawarsa.

Kun ji fa! Mijinta yana kwance ƙafa na ruɓewa, ba wanda ya ɗaga mata ƙafa ko na kwana ɗaya. Yau an ce gawa, kowa ya zama waliyyi. Mu dai a garin nan in kana son a so ka, to ka mutu.

Uwar adashin ta yafito ta. Magne muke ce mata, kamar duk macen da ta haifi tagwaye, kuma in ta yi magana a kasuwa ko mahauta sukan ajiye wuƙa. Ta ja Odil cikin ɗaki. Hortans mai riƙe da kuɗin ƙungiya ta biyo su da jakarta a hammata. Ita ce dai wadda ta ce doka doka ce ranar da Odil ta durƙusa.

"Zauna, 'yata," in ji Magne. "Yaushe abin ya faru?"

"Jiya… da asuba."

"Ciwo ta yi?"

"Faɗuwa ta yi. A gona."

"Wayyo. Haka tawa ta tafi." Magne ta share ido. "Hortans, gaya mata."

Hortans ta gyara zama, ta ɗaga yatsu.

"Na uwa dubu ɗari huɗu ne, kin sani."

Odil ta yi lissafi a ranta. Har da rara.

"An cire na mota."

"Wace mota?"

"Motar da za ta kai mu Bazu mana. Ko a ƙafa kike so mu je?"

"Ku… za ku je?"

"Ji wata magana! Uwar 'yar ƙungiya ta rasu mu zauna? Mu duka za mu, da ankonmu, da gangarmu. An ba direba kafin alƙalami."

"Ai ba sai kun wahala ba, Yaya Hortans. Hanyar ba kyau. Kuma dangi sun ce a binne ta da wuri, ba taro."

"Ba taro?" Magne ta zaro ido. "Macen da ta haifi 'ya'ya ta ga jikoki a binne ta kamar kaza? Wane dangin ne ya faɗa? Ba ni lambarsa."

"A'a, Magne, zan yi musu magana da kaina."

Hortans ta lanƙwasa yatsa na biyu.

"An cire na furen kabari. An cire na abin sha. An cire na riguna."

"Riguna kuma?"

"Masu hotonta a ƙirji. Mun ciro wanda ke bangonki an kai wa mai bugawa."

Odil ta ɗaga kai. Inda hoton uwarta yake, sai ƙusa kawai.

Kuɗin ƙafar Wabo ne ake yanka a gabanta, yanki-yanki kamar koki a faranti, kuma ba ta da bakin cewa a daina.

"Wa ya ce ku yi duk wannan? Wa kuka tambaya?"

"Au, tambaya ake yi?" Hortans ta taɓe baki. "Da aka yi na baban Selestin 'yar ƙungiyarmu, tambayarta aka yi? Ke ce ma kika zaɓi kalar rigar."

"Nawa ya rage?"

"Ɗari biyu da casa'in."

Saura dubu goma ya cika. Goma kacal! Odil ta shafa kunnenta. 'Yan kunnenta za su iya kawo goma, in mai sayen bai ga idonta ya gane tana cikin matsi ba.

Ta miƙa hannu.

Hortans ta ƙara matse jakar.

"A gaban gawa ake miƙawa."

"Me?"

"Doka ce. A gidan makoki, a gaban dangi, a ƙirga kowa ya gani. Don kada gobe a ce ƙungiya ba ta yi komai ba."

"Yaya Hortans, yau nake bukatarsu."

"Me za ki yi da su yau?"

"Ɗakin ajiye gawa… sun ce sai an biya kafin su karɓe ta."

"Yanzu kika ce da wuri za a binne ta."

"To ai… kafin dangin nesa su iso."

Hortans ta ƙura mata ido.

"Ikon Allah. Shekaranjiya kina nan kina birgima a ba ki akwati saboda ƙafar miji. Muka ce sai da mutuwa. Kwana bai yi nisa ba sai ga mutuwa ta zo daidai wa daida. Wannan uwa taki akwai ta da biyayya."

"Hortans!" Magne ta daka mata tsawa.

Da Odil mai gaskiya ce a wannan minti, da ta yi kuka kawai. Amma mara gaskiya ko a ruwa gumi yake, kuma tata zufar da faɗa ta fito. Ta miƙe tsaye.

"Eh, na yi birgima! Tun ina amarya nake zuba wa akwatin nan. Ranar da ban sayar da ko ƙulli ɗaya ba na zuba. Ranar da na makara kin ci ni tara, ke ɗin nan, ba ki yafe ko dala ba. Na zo na ce mijina zai rasa ƙafa, kika ce doka. Da motar ta murƙushe kansa da tuni kin ƙirgo min kuɗi kina murmushi, har da rigarsa a ƙirjinki! Wace irin ajiya ce wannan da ba ta san mutum ba sai ya daina numfashi?"

"Ba ni na kafa dokar ba. In aka buɗe wa mai ƙafa, gobe mai haƙori zai zo, jibi mai kuɗin makaranta. Ranar da aka yi mutuwar gaske a buɗe a tarar da me? Iska?"

"To ga mutuwar an yi! Ba ita kike so ba? Ba ni kuɗina!"

Kukan waje ya tsaya. Ana saurare.

Magne ta tashi da ƙyar tana dafa gwiwa. Ta dubi Hortans.

"Ba ta."

"Magne, doka…"

"Ni na haifi dokar, kina goye aka yi ta. Yarinya mijinta na asibiti, uwarta na kwance a ƙasa, ki tsaya kina mata lissafi? In an tambaya ki ce ni ce."

Hortans ta zuge jaka kamar ana zare mata jijiya, ta ajiye ambulan a kan tebur maimakon ta miƙa mata. Magne kuma ta kwance bakin zaninta, ta warware wata takarda da ta nannaɗe, ta tura a hannun Odil.

"Wannan nawa ne, ba na ƙungiya ba. Goma ce, ki yi kuɗin mota."

Ɗari uku cif.

Kunya ta rufe Odil har ta kasa ɗaga ido. Da Magne ta mare ta da ya fi mata sauƙi. Ta durƙusa ta yi godiya, ta cusa ambulan a cikin rigarta. A ranta tana cewa, asibiti kawai, in kai taga in karɓi rasit, sauran duk abin da zai faru ya faru.

Har ta kai ƙofa Hortans ta ce,

"Af, na manta ɗaya. Na rediyo ma a ciki aka cire."

Odil ta juyo a hankali.

"Wane rediyo?"

"Sanarwar rasuwa mana, daga littafin ƙungiya muka kwafo komai. Da cikakken sunanta, da unguwarsu a Bazu, da sunayenku ku 'ya'yanta."

"Ku hana! Don Allah a je a hana, dangi ba su gama jin…"

"A hana me? Tun tsakar rana aka karanta. Da Faransanci, aka kuma maimaita da yarenmu don tsofaffi."

Don tsofaffi. Duk wanda ya san ƙauyukanmu ya san ba tsohuwar da ke wuce sanarwar rasuwa. Ko suna tsakiyar gona sai sun kunna, su ji wa ya riga su.

"Bari in zaga," Odil ta ce.

Ta bi ta ƙofar baya, ta tsaya bayan madafa inda ake tara itace. Tun jiya ta kashe wayarta don kada wani daga gida ya kira a gaban mutane. Yanzu ta kunna ta. So take ta riga kowa, ta kira ƙaninta Kamdem ta ce masa kuskuren 'yan rediyo ne, ya ɓoye wa Mama.

Ba ta kai ga neman lambar ba wayar ta ɗauki ruri. Shi ne.

"Kamdem, saurara, abin da aka…"

"Yaya! Ina kika shiga? Tun ɗazu nake kira!" Ihu yake yi, ga ƙarar babur da iska. "Wane ɗan iska ne ya kai sunan Mama rediyo?"

"Kuskure ne, zan yi maka bayani. Kada dai ka bari ta ji."

"Ta ji? Ai a cinyarta rediyon yake! Tana zaune tana ɓare wake aka kira sunanta, aka kira naki, aka kira nawa. Ta miƙe ta ce, wa ya kashe ni ban sani ba? Kafin ta rufe baki mata sun shigo da kuka, suka gan ta tsaye suka watse da gudu suna ihun fatalwa. Sai kawai ta dafe ƙirji ta faɗi!"

Odil ta jingina da bango.

"Ta… ta tashi?"

"Ba ta magana! Bakinta ya karkace, hannu ɗaya ba ya motsi. Ƙaramin asibitinmu sun ce ba aikinsu ba ne, a kawo ta Bafusam. Tana cikin motar kaya, ina bin su a baya. Sun ce in ba mu da kuɗi a hannu kada ma mu wahalar da ita, ba wanda zai taɓa ta. Yaya, ni ko sisi ba ni da shi. Kina da wani abu?"

Hannunta ya kai kan ƙirjinta da kansa. Ambulan ɗin yana nan, ya jiƙe da gumi. Guda ɗaya ne.

"Yaya, kina jina? Mama tana numfashi har yanzu, tana numfashi! Ki tare mu a ƙofar asibiti da duk abin da kike da shi!"

Itace ya yi ƙara a bayanta.

Ta waiga. Magne ce tsaye, ta ɗaura gyalenta, jaka a hannu, da alama ta shirya raka ta Bazu ne. A bayanta ga Hortans.

Muryar Kamdem na ci gaba da fita daga wayar, tar-tar, kowa na ji.

Magne ta ajiye jakar a ƙasa.

"Odil," ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Wace Mama ce take numfashi?"